Hawan tsauni da safe, kwale-kwale da yamma: wadda ba ta iya iyo ba za ta iya zuwa?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san irin wannan fita.

Ɗana na fari, ɗan shekara 15, ya gama jarrabawa, na kuwa yi masa alkawarin duk inda ya zaɓa za mu je tare, ni da shi. Abin da ya zaɓa wata fita ce ta yini guda tare da jagora: a tashi da sassafe a hau tsauni, a gangara ta ɗaya gefen zuwa bakin kogi, a huta, sannan a shiga kwale-kwale a biyo ruwa har inda mota take jira. A takardarsu sun rubuta tafiyar ƙafa kilomita 8, hawan ya kai mita 450, kogin kuma kilomita 10. Sun ce ruwan mai sauƙi ne, ba sai mutum ya taɓa yi ba. Ayarin na mutum 12 ne.

Shekarata 46, aikina na zama ne, ban kuma iya iyo ba ko kaɗan. Gwiwata ta hagu takan yi tsami idan na sauko daga bene mai tsawo, amma hawa ba ya damun ta. Shi yaron ya iya iyo, a tafkin wanka ya koya.

Tsaunin bai dame ni ba, ruwan ne yake hana ni barci. Rigar kariya ta isa ta riƙe wanda bai iya iyo ba? Me ya kamata in tambayi masu shirya tafiyar kafin in sa sunanmu? Ba na son in ce masa ya tafi shi kaɗai, don burinsa mu shiga kwale-kwale ɗaya. Ba na kuma son in zame wa ayarin nauyi. Saura makonni shida.

Tsohon Jagora ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka. Na daɗe ina kai mutane irin wannan fita kafin in ajiye, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, gangarar tsaunin ce za ta nuna yadda za ki kasance a cikin ruwan. Mutane suna ɗaukar abin kamar fita biyu ce daban-daban, alhali jikin da ya sauko daga dutse shi ne zai riƙe filafili. Wanda ya isa bakin kogi cinyoyinsa na rawa, ƙishirwa ta kama shi, yana jin haushin kansa don ya tsayar da mutane, shi ne ba ya sauraron bayanin da ake yi kafin a shiga ruwa, shi ne kuma yake taka gefen kwale-kwale maimakon tsakiyarsa.

Bari mu yi lissafin lokaci. Akwai wata ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892, har yau da ita ake ƙiyasi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kilomita 8 ɗinku ya ba da awa ɗaya da minti 36, hawan mita 450 ya ƙara minti 45, jimilla awa biyu da minti 21. To amma wannan lissafin mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Ayarin mutum 12, da hutu, da ɗaukar hoto, da jiran na baya, ki sa awa uku da rabi zuwa huɗu. Sabon shiga a ruwan da ba ya gudu sosai yakan yi wajen kilomita 3 a awa, kilomita 10 kenan zai ci wajen awa uku da minti 20, ko ƙasa da haka idan ruwan yana taimakawa. Idan iskar yamma ta taso tana bugun fuska kuwa, ya wuce haka. Yinin cikakke ne, ki shirya masa a haka.

Kalmar "mai sauƙi" ba ta ishe ki ba. Koguna suna da matakin wahala da aka sani a duniya, daga na 1 zuwa na 6. Mataki na 1 ruwa ne mai tafiya da 'yan ƙananan igiyoyi, duwatsunsa kaɗan ne kuma ana hango su. Na 2 yana da wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi, hanya a buɗe take amma sai an iya kauce wa dutse. Daga na 3 igiyoyin sun isa su cika kwale-kwale. Ki tambaye su kai tsaye: mataki na nawa ne, kuma a wane lokaci na shekara? Domin kogin da yake mataki na 1 yau yana iya zama wani abu daban bayan an kwana ana ruwa a can sama inda ya taso, ko da ku ɗigo bai sauka a kanku ba. A ganina ke kam mataki na 1 kawai, kada ki yarda da abin da ya wuce shi.

Sai ki tambayi jagorori nawa ne a kan ruwa. Ayarin mutum 12 yana buƙatar aƙalla biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, na bayan ba ya barin kowa a bayansa. Ki tambaya ko akwai wurin da mota ke iya isowa a tsakiyar hanyar kogin, idan mutum ya gaji. Ki tambaya ko akwai ƙaramar madatsar ruwa a hanya. Irin waɗannan gajerun madatsun da ruwa ke malalowa ta kansu suna da kyan gani amma suna cikin mafiya haɗari, don ruwan da ke ƙasansu juyawa yake yi yana maido da abin da ya faɗa ciki. Jagoran kirki fitar da mutane yake yi a ɗauki kwale-kwale a zagaya ta gaɓa. Ki kuma tambaya me suke yi idan hadari ya haɗu. A wurare da yawa da yamma hadari yake taruwa a kan tsaunuka, daidai lokacin da kuke kan ruwa. Ƙa'idar ita ce da zarar an ji tsawa a fita, a kuma jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Maganar riga. Riguna ba ɗaya ba ne, akwai lamba a jikinsu mai nuna ƙarfin ɗaga mutum a ruwa. Mai lamba 50 an yi ta ne don wanda ya iya iyo, taimako kawai take yi. Masu 100 da 150 suna da kwala a wuya mai ɗaga kai, mai 150 ɗin kuma an ƙera ta ne ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Yawancin masu kwale-kwalen shaƙatawa mai 50 suke rabawa don ta fi daɗin tuƙi. Ki gaya musu tun yanzu ba ki iya iyo ba, ki nemi mai kwala. Zuwa da kai ya fi aike: in da hali ki je ki sa ta a jikinki kafin ranar. A ɗaure duk maɗaurai, yaron ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. Idan ta taso ta kai kunnenki, ta yi miki yawa, a ruwa ma haka za ta yi.

Abu na ƙarshe, kuma yaron ya fi ki buƙatar jin sa. Idan kwale-kwale ya kife a ruwa mai gudu, kada a yi ƙoƙarin miƙewa tsaye in ruwan ya wuce gwiwa. Ƙafa takan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya tura mutum ya kifa. A kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, sai an kai wuri marar zurfi mai natsuwa. A kuma nisanci bishiyar da ta faɗo cikin kogi, ruwa yana ratsa rassanta amma mutum ba ya ratsawa. Iyon tafkin wanka ba ya koya wa yaro waɗannan, masu iyon ma sun fi saurin sakaci da su.

Ɗan Bakin Kogi ya amsa:

Baba Jagora ya yi bayani mai gamsarwa, amma da girmamawa, a wuri ɗaya ban bi shi ba. Anti, ni shawarata kada ki shiga kogi sai kin koyi ruwa. Riga tana ɗaga jiki, ba ta cire firgita. Wanda bai taɓa jin ruwa ya rufe masa fuska ba, abin da yake fara yi shi ne ya cafke na kusa da shi ya danna shi ƙasa. Wa zai kasance kusa da ke? Ɗanki. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai tun da na karanta tambayarki. Ku yi tsaunin bana, kogin yana nan ba inda za shi.

Malamar Jinya ta amsa:

Yaya, ni ta ɓangaren gwiwa zan shigo, don na ga kin ambace ta kin wuce kamar ƙaramin abu. Gwiwar da ke ciwo wajen saukowa daga bene ita ce ainihin wadda gangara ke wahalarwa. A saukowa tsokar gaban cinya ce take taka wa jiki birki a kowane taku, idan ta gaji nauyin ya koma kan gwiwa. Mita 450 da kika hau, duk sai kin sauko su.

Makonni shida sun isa a ga canji. Ki samu bene ki riƙa hawa da sauka a hankali, sau uku a mako, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ki riƙa zama a kujera kina tashi ba tare da dafa komai ba. Idan gwiwar ta kumbura, ko tana ƙullewa, ko kina jin kamar za ta zame miki, ki ga likita kafin ki ci gaba. Ranar tafiya ki riƙe sanduna biyu, ki yi gajerun taku, kada ki miƙar da gwiwa sarai lokacin da ƙafa ke sauka. Takalmin da za ki sa ki fara yawo da shi tun yanzu, sabon takalmi bororo yake kawowa. Ki yanke farcen ƙafa, a gangara yatsu gaba suke bugawa.

Ki tambayi irin kwale-kwalen ma. Akwai wanda ake durƙusawa a ciki, bai dace da ke ba. Akwai wanda ake zura ƙafafu cikin rami, shi ma fita daga cikinsa da sandararriyar gwiwa aiki ne. Wanda ake zama a samansa a buɗe ya fi miki, kina iya miƙe ƙafa ki lanƙwasa, idan ya kife kuma babu abin da zai riƙe ki.

Kayan auduga suna shan ruwa su yi nauyi, su daɗe ba su bushe ba, ki nemi yadi mai saurin bushewa, ki ajiye busassun kaya a mota. Ruwa yana janye zafin jiki wajen sau 25 fiye da iska, idan kuma sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15, faɗawa ciki kwatsam yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba. Minti na farko numfashi kawai ake kamawa, ba a yin komai. Idan kuma yankin mai zafi ne, ki tambaya ko ana samun tsargiya a kogin, don ƙwayarta daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata, ba sai an sha ruwan ba.

Tsohon Jagora ya sake amsawa:

Ɗana Ɗan Bakin Kogi, maganarka gaskiya ce, na kuma gode da ka fito da ita. Inda muka bambanta shi ne ban ga dole sai ta zama gwanar iyo ba. Abin da take buƙata shi ne jikinta ya yarda da rigar. Hajiya, ki je tafkin da ɗanki ya koya, ki samu mai koyarwa, ki sa riga ki shiga wurin da ƙafarki ba ta taɓa ƙasa. Ki kwanta rigingine, ki bari ruwa ya taɓa fuskarki, ki juya, ki ja jiki zuwa gefe. Ki maimaita har sai kin iya yin magana a natse kina shawagi. Idan makonnin nan sun ƙare ba ki kai ga haka ba, ki bi shawararsa. Kuma ko kin kai, ki zauna a kujerar gaba cikin kwale-kwalen jagora, yaron ya shiga wani a gefenku.

Maman Biyu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanena Ɗan Bakin Kogi, maganar cafke na kusa ta shige ni sosai, ita ta sa na kira su tun da safe.

Sun ce kogin mataki na 1 ne a wannan lokacin, jagorori biyu ne a ruwa, kuma suna soke tuƙin idan ruwan ya wuce wata alama da suke dubawa a jikin gada. Madatsa ɗaya ce a hanya, zagaye ta suke yi ta gaɓa. Akwai wurin fita a kilomita na 6. Kwale-kwalensu na zama a sama ne, mai ɗaukar mutum biyu. Riga mai kwala guda biyu kawai suke da ita, sun rubuta sunana a kan ɗaya, zan je in gwada ta ranar Asabar. Sun yarda in zauna da jagorar baya.

Yaron bai ji daɗin raba mu ba da farko, sai da na karanta masa abin da kuka rubuta, sannan ya ce shi zai riƙa raka ni tafki. Mun fara jiya, a wuri marar zurfi tukuna. Na gaya wa masu tafiyar sai mako na biyar zan tabbatar musu ko da ni a kogin ko tsauni kaɗai zan yi in bi mota.

Malama, game da sandunan nan: daidai ina ya kamata tsawonsu ya tsaya mini, kuma ana ƙara musu tsawo ne idan an zo gangara?