Adbent ya shigo amma zuciyata ta ƙi tashi, ku ya kuke yi?

Maman Biyu, Zuru:
Salama 'yan'uwa. Dan Allah tambaya gare ni, kada wani ya ce bangaskiyata ta yi sanyi. Lahadin nan aka shiga Adbent, wato makonni huɗu na jiran Kirsimeti, aka kunna kyandir na farko a cocinmu, Fada ya ce na bege ne, ni kuwa ina kan benci ina lissafin kuɗin kwanon shinkafa. Shekara biyu kenan da muka baro ƙauyenmu ta wajen Wasagu saboda 'yan bindiga, gonar maigida na can ko dami ɗaya na dawa ba mu ɗauko ba, muna ɗaki ɗaya na haya, yara sun fara zancen ɗinkin Kirsimeti, ni kuma in aka ta da waƙa sai maƙogwaro ya shaƙe min. Wai begen nan da ake faɗa ya ake riƙe shi in hannu ba komai?

Tsohon Katikis, Yauri:
Sannu 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ba sanyin bangaskiya ba ne, gajiya ce. Makonnin nan huɗu ai na masu jira ne, kuma wanda ya ƙoshi ba ya zaman jiran tuwo. Ki buɗe Luka sura 2 ki ga su wa suka fara gane Yaron nan Yesu a haikali: Saminu, tsoho da aka yi wa alkawari ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu, da Hannatu, gwauruwa mai shekara 84 da ba ta rabuwa da haikali. Hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai ma 'yan tantabaru ne ko kurciyoyi biyu, wato abin da Shari'ar Musa ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Sai ki koma Matiyu sura 2, Yusufu ya tashi cikin dare ya ɗauki Yaron da uwarsa suka gudu Masar saboda Sarki Hirudus na neman kashe Yaron. Mu a wasan Kirsimeti na yara mukan tsaya wajen makiyaya da tauraro, ba ma ƙarasawa nan. Ke kin san yadda ake ɗaure kaya cikin duhu, Maryamu ma ta sani.

Ɗan Sabon Gari, Gusau:
Mama sannu da haƙuri. Mu a cocin ECWA ba mu saba da kunna kyandir ba amma jiran duk ɗaya ne. Ni tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ƙara kai iyali gida Kirsimeti ba, ga kuɗin mota ga hanyar Tsafe da sai ka yi addu'a kafin ka hau. Abin da ke riƙe ni Habakkuk 3:17-18 ne, mutumin ya lissafa komai fa, ɓaure ba toho, gona ba amfani, garke ba dabba, bai ɓoye ko ɗaya ba, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Bara mu gida shida muka haɗa kuɗi muka yanka akuya ɗaya, maƙwabcinmu Musulmi da muke kai wa shinkafa duk shekara shi ya kawo mana itacen girki.

Anti Ladi, Birnin Kebbi:
Baba Katikis ayoyin sun yi, amma a gafarce ni, aya ba ta hawa murhu. 'Yar'uwa kin faɗa wa shugabar Zumuntar Mata halin da kuke ciki? Ko kina sa zanen fita kina cewa lafiya lau? Halinmu kenan mata. In akwai 'yan St. Vincent de Paul, ƙungiyar nan mai taimakon mabuƙata, a cocinku ki same su, aikinsu kenan, ba bara ba ne.

Maman Biyu, Zuru:
Anti Ladi kin kama ni, lafiya lau ɗin nake cewa. Ran Laraba akwai zumunta, zan tsaya bayan an tashi in ga Mama shugaba. Baba na gode, jiya da dare na karanta wa yara gudun Masar da tocilan waya, ƙaramin ya tambaye ni wai su ma sun bar akuyarsu a baya kamar mu?