"Taura biyu ba sa taunuwa": ta dace da baran wasan Goldoni?

Mai Alli: Jama'a, ga tambaya. A wasan kwaikwayon da Carlo Goldoni na Italiya ya rubuta wajen 1746, bara Truffaldino ya kama aiki wurin iyayen gida biyu a masauki ɗaya: Beatrice da ta yi shigar maza, da masoyinta Florindo. Ba wanda ya san yana yi wa ɗayan aiki. In ana koyar da wasan, wannan karin magana ta dace?

Goggon Yara: Ta dace, Malam. Ƙwallon taura babba ne, ga tauri, ɗaya ma cika kunci take yi. Dubi inda abin ya fara ƙwace masa. Bai iya karatu ba, wasiƙun da ya karɓo suka cakuɗe, Florindo ya buɗe ta Beatrice, Truffaldino kuma ya tauna burodi ya liƙe ta da shi. Wani dattijo ɗan kasuwa, Pantalone, ya ba shi jakar kuɗi ya kai wa maigidansa, ya miƙa wa wanda ba shi ba.

Ɗan Dandali: A gafarce ni, Goggo, taurar nan ai ta taunu. Ya kai musu abinci lokaci guda, ɗaki biyu, yana cin nasa a tsakani, ƙarshe ma ya samu auren wata 'yar aiki, Smeraldina. Ni na fi ganin "ramin ƙarya ƙurarre ne". Ya ƙirƙiro wani bara wai Pasquale yana ɗora masa laifi. Da ya cakuɗa kayan akwatunansu, sai ya ce masu kayan sun mutu. Kowannensu ya ɗauka masoyinsa ne ya rasu, har suka nemi kashe kansu.

Goggon Yara: Ta taunu, amma da haƙoran wa? Ka manta dukan da ya sha sau biyu a jere.

Baban Zaure: Nan ne ya kamata a tsaya. Beatrice ta doke shi kan buɗe wasiƙa. Florindo ya hango ta taga, ya sauko ya ƙara masa, wai tsayawa a dake shi cin mutuncin maigida ne. Wato bayan bara ma na ubangidansa ne. Shi ya sa ba na son a ce "kwaɗayi mabuɗin wahala". An bar shi tsaye a titi, lokacin cin abinci ya yi, ba ko loma, shi ne ya karɓi aiki na biyu. Yunwa ce, Malam. Ka yi amfani da taurar, amma ka fara tambayar ɗalibai wa ya hana shi abinci.