Chainsaw mill: injin niƙa, keken tsaga ko matsagi?

Malamai masana harshe, da ku kafintoci da masu aikin katako, ku matso kusa. Akwai wani kayan aiki da Turawa ke kira chainsaw mill, wasu kuma Alaskan mill, sunan da kamfanin Granberg na Amurka ya yi fice da shi. Ina so mu raɗa masa suna kafin a liƙa masa "injin niƙa", don masu fassara da sun ga mill sai su nufi niƙa. Ba abin da ake niƙawa a nan.

Firam ne na ƙarfe ko alminiyam, ba shi da inji nasa na kansa. Ana ɗaure shi a jikin ruwan zarto mai inji, wato dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa, ɗauri ɗaya kusa da injin, ɗaya kusa da baki. Saman firam ɗin yana kwanciya a kan gungume, ruwan zarton kuma ya ratsa itacen a kwance ta ƙasa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin katakon da zai fito. Da shi ake zuwa wa gungume har inda ya faɗi, a fitar da katako a wurin, ba sai an nemi motar da za ta ja shi ba. To tunda zarton ne injin, duk sunan da ya fara da "inji" ya faɗi.

Hausa ta riga ta raba mana aikin gida biyu: datsa da tsaga. Datsa a gicciye ce, tsaga kuwa bin tsawon itace. Zarto mai inji, tun wanda Andreas Stihl ya ƙera a Jamus a 1926, don datsa aka yi shi. Firam ɗin nan ne ke sa shi tsaga, kuma har haƙoran sarƙar sai an sauya musu wasa. Na datsa ana wasa su a kusurwar digiri 25 zuwa 35, na tsaga kuwa wajen digiri 10, don fuskar katakon ta fito sumul. Aikin yana tafiya a hankali, injin na ta ruri ba hutu, shi ya sa ƙaramin zarto mai cc 40 ko 50 (cc shi ne ma'aunin girman inji) ke galabaita. Masu yin abin sosai sukan fara daga cc 70, kamar yadda ake yawan ɗaura shi a kan Stihl MS 661 mai cc 91. Sunan da bai ɗauki "tsaga" a cikinsa ba, a ganina, bai faɗi komai ba.

Wani ya kawo "keken tsaga", bisa keken ɗinki da keken rubutu. Yana da daɗi a baki, na yarda. Sai dai keke yana sa mutum ya zaci akwai abin da ke juyawa ko gungurawa, alhali wannan zamewa kawai yake yi a kan itace. Wani ya ce a ce "somil na hannu". Somil wuri ne da ake kai gungume, wannan kuwa a kafaɗa ake ɗaukarsa.

Ni dai matsagi na zaɓa, jam'i matsagai. Ginin ba baƙo ba ne: buɗe, mabuɗi, girbe, magirbi, duba, madubi. An ce mini a rubuce zai rikice da mutumin da ke tsagawa, tunda karin murya ne kaɗai ya raba su. Gaskiya ne, amma mutumin ai "mai tsaga" za a ce masa, magana ta ƙare.

Kalma sai an sa ta aiki ake sanin ƙarfinta, don haka bari mu gwada.

Tsagar farko ita ce mai wuya, domin matsagi yana kwaikwayon abin da ya kwanta a kai ne. In ya hau bayan gungume mai tudu da kwari, haka katakon zai fito. Saboda haka ake ɗora tsanin alminiyam ko miƙaƙƙen falanki a kan gungumen, a kafe shi da sukurori, matsagin ya bi ta kansa. Wannan "jagora" ya ishe shi suna. A tabbata sukurorin ba su kai zurfin inda sarƙa za ta bi ba. Kuma da yake gungume gindinsa ya fi kansa kauri, ba daga ɓawo ake auna tsayin jagora ba, daga cibiyar itacen ake aunawa a kai biyun, don tsagar ta tafi daidai da zuciyarsa. Wanda ya tsallake wannan awon, katakonsa zai fito zuciyar ta karkace a ciki, ranar da ya bushe kuma ya murɗe.

Yayin da ake turawa, sai a riƙa cusa weji, wato guntun itace ko roba mai sirantaccen baki, a bakin tsagar ta baya, kada nauyin sama ya danne sarƙa. A kankare ƙasa da yashi daga ɓawo tun farko, su ne ke dakushe haƙora. Toshe kunne da kare ido dole ne, kuma a tsaya ta inda iska za ta kore hayaƙi, don fuska tana kusa da injin tsawon aikin.

In dogon katako mai kusurwa huɗu ake so, tsaga huɗu ce. Bayan ta farko, a saita matsagi a kaurin da ake so a fitar da ta ƙasa, sannan a mirgina gungumen, a sake kafa jagora a daidaita kusurwa, a cire sauran gefe biyun. Lissafinsa: faɗin siririn kan gungumen sau 0.7. Mai faɗin santimita 30 zai ba da wajen 21 a kowane gefe. Kowace tsaga kuma tana mayar da kusan santimita ɗaya dusa, abin da ya sa matsagi ya fi dacewa da manyan katakai fiye da siraran falankai. Ɗauri biyun ma suna cinye wani ɓangare na tsawon ruwan zarto, don haka a sayi wanda ya zarce faɗin gungume sosai.

Ɗanyen katako ba a hawa gini da shi kai tsaye in ana gudun tsagewa. A shafe kai biyun da fenti ko kakin zuma, a jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Masu sana'ar sukan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri.

Inda na tsaya cak shi ne sunan shi wannan katakon, wanda suke kira beam. Ginshiƙi a tsaye yake, wannan kuwa kwanciya yake yi ya ɗauki nauyin rufi ko bene. Azara ta fi kusa, amma kunne ya saba jin ta da giginya. "Azarar katako" za ta karɓu? Kafintoci, ku da kuke ɗora shi kullum, me kuke ce masa a bakin aiki?