Tambaya: ba ƙudan zuma ruwan sukari a lokacin bazara

Ɗan Wamakko:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Furen mangwaro ya wuce, amya ta yi sakayau, ƙudan kuma sun rage fita. Ana ba su ruwan sukari a irin wannan lokaci? Yaya ake haɗa shi, nawa ake ba amya ɗaya? Mazarƙwaila za ta yi?

Mai Amya Wurno:
Wa alaikumus salam. Malam, buɗe ka duba tukuna. In akwai zuma a rufe a saman saƙa biyu ko uku, ƙyale su. In saƙa ta bushe ƙarƙaf, to ba su, don ƙudanmu na nan ba su da haƙurin yunwa, tashi suke su bar maka amya.

Farin sukari kaɗai za ka sa. Mazarƙwaila da jan sukari suna sa su zawo. Kilo 1 na sukari a lita 1 ta ruwa, zai ba ka kusan lita 1 da rabi. Wannan mai ruwa-ruwan shi ke sa sarauniya ta ci gaba da ƙwai. In ajiya kake so su yi, kilo 2 a lita 1. Ka tafasa ruwan, ka sauke, sannan ka zuba sukari kana motsawa har ya narke. Kada sukarin ya hau wuta, in ya ƙone guba ne gare su. Ka bari ya huce.

Baba Mai Zuma:
Gaskiya ne, sai dai yawan da za ka zuba shi ne wurin lura. A zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, mai ruwa-ruwan nan ba ya jimawa yake tsami. Rabin lita ya isa, abin da za su shanye cikin kwana biyu. Ka ga kumfa a kai ko ka ji warin tsami, zubar, ka wanke mazubin.

Kwalbar da ake huda murfinta a kife ba na ba da shawararta a nan. Rana na bugunta iskar ciki ta kumbura, ruwan ya yi ta ɗiga a ƙasan amya. Gara faffaɗar roba, a sa ta ciki bayan saƙar ƙarshe, a jera guntayen karan gero a saman ruwan don su samu wurin tsayawa. In babu karan, da safe gawarwaki za ka kwasa.

Da magariba ake zubawa, kuma kada ɗigo ya zuba a waje. Ƙudan wata amya suka ji ƙanshi, fashi za su kawo, mai rauni ce ke shan kashi. Ka rage ƙofa ta koma kamar faɗin yatsa biyu. Ƙafafun teburin amya kuwa a tsoma su a gwangwanayen baƙin mai saboda kiyashi da cinnaka.

Hajiya Mai Lambu:
Ɗan'uwa, kada a manta da ruwan sha. Da shi suke sanyaya ɗakin 'ya'ya, wanda ke bukatar kusan digiri 35. A ajiye kasko a inuwa da tsakuwa a ciki. Sannan sukari ba ya maye gurbin garin fure da suke kwasowa daga furanni, in babu garin ba za su iya renon 'ya'ya da yawa ba.

Mai Amya Wurno:
Haka ne Hajiya. Kuma da ka ga suna shigowa da garin fure a ƙafa, farar sabuwar saƙa ta fara fitowa, dakatar. In ka ci gaba, sukarin za su zuba a saƙa su rufe, ka yanke shi ka kai kasuwa da sunan zuma.