Muhawarar zaure: Shin ƙarewar mai ce ta jawo tsadar fetur?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai saƙon murya da ke ta yawo, mai maganar yana cewa man da ya rage a ƙarƙashin ƙasa bai wuce na shekara 50 ba, wai shi ya sa lita ta bar naira 190 ta haura dubu. Ni dai maganar ta shige ni. Rumbun da kullum ake ɗiba ba a zubawa, ai wata rana za a ga gindinsa. Masana, me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Yaya. Lissafin shekara 50 ɗin yana da tushe, fahimtarsa ce aka karkatar. Man da aka tabbatar akwai shi, kuma za a iya haƙo shi da riba, ya kai kusan ganga tiriliyan 1.7. Duniya tana shan kimanin ganga miliyan 100 a rana. In ka raba, za ka samu shekara 50 ko ƙasa kaɗan. To amma a 1980 da aka yi irin wannan lissafin, shekara 30 da 'yan kai aka samu, don a lokacin abin da aka tabbatar bai kai ganga biliyan 700 ba. An yi ta sha fiye da shekara 40, adadin kuma ya ninka. Ana gano sababbin rijiyoyi, ana kuma samun dabarar fito da wanda a da ba a iya kaiwa gare shi.

Malam Babba: Injiniya, kada mu kwantar wa mutane da hankali fiye da kima. Rijiya tana ƙafewa. Oloibiri ta jihar Bayelsa, inda aka fara samun mai a Najeriya a 1956, tun shekarun 1970 ta daina bayarwa. Man Birtaniya na Tekun Arewa ya kai ƙololuwa a 1999, tun daga nan yake raguwa. Indunusiya 'yar ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da mai ce a da, sai ga ta tana sayen mai fiye da wanda take sayarwa, har ta dakatar da zamanta a ƙungiyar. Waɗannan ba jita-jita ba ne.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ban musa ba. Amma a duba Amurka. A 1956 wani masanin ƙasa, M. King Hubbert, ya ce man Amurka zai kai ƙololuwa wajen 1970 sannan ya yi ta sauka. Haka kuwa aka yi: ganga miliyan 9.6 a rana a 1970, ya sauko zuwa kusan miliyan 5 a 2008. Sai aka ƙware wajen haƙa a kwance da fasa dutse da ruwa mai ƙarfi a jihohin Texas da Dakota ta Arewa. Yau suna haura miliyan 13, ba ƙasar da ta kai su.

Malam Babba: Da wane kuɗi? Nan ne maganata take. Na Saudiyya a arha ake fito da shi, wannan na dutse kuwa sai an kashe kuɗi sosai, rijiyarsa kuma saurin raguwa gare ta. Mai sauƙin shi ne ke ƙarewa, ana komawa ga mai wahala, na tsakiyar teku da na cikin dutse. Ko ba yau ba, wannan zai bayyana a farashi.

Maman Sadik: Ku gafarce ni, ni injin niƙa nake da shi, kuma galan nake saye kullum. Tambayata ɗaya ce. Ranar 28 ga Mayun 2023 lita tana ƙasa da naira 200. Kafin mako ya zagayo ta kai 540 a Kano. Man duniya ne ya ƙare a cikin kwanakin nan?

Injiniya: Hajiya, kin taɓo inda ciwon yake. Ba abin da ya canza a ƙarƙashin ƙasa. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Ga lissafi mai sauƙi: ganga lita 159 ce. A tsakiyar 2023 ana sayar da ita wajen dala 75, a Oktoban 2024 ma wajen hakan take. Lokacin da dala take naira 460, ɗanyen man da ke cikin lita ɗaya ya kama kusan naira 217. Da dala ta kai 1,600, wannan litar ta koma kusan naira 755, tun ba a tace ba, ba a yi dako ba, mai gidan mai bai ɗora ribarsa ba. A Oktoban 2024 ɗin ne gidajen man NNPC suka kai lita 1,030 a Abuja. Ganga tana nan inda take, naira ce ta faɗi.

Oga Direba: Ku ƙara da dako. Mu da muke jan tanka mun san abin da ake kashewa daga daffo a Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita dubu: gas ɗin mota, taya, gyara, da abin da ake miƙawa a shingaye. A da akwai asusun gwamnati da ke biyan kuɗin dakon don farashi ya zo ɗaya ko'ina. An soke shi. Shi ya sa Maiduguri da Sakkwato ke saye da tsada fiye da Legas. Da matatar Kaduna tana aiki, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, da rabin wahalar nan ba mu sha ta ba.

Baban Ummi: To ga matatar Dangote nan, ganga 650,000 a rana, tun Satumban 2024 take fitar da fetur. In mai yana nan a wadace, me ya hana shi komawa 200?

Injiniya: Domin shi ma sayen ɗanyen yake yi a farashin kasuwar duniya. Ko da aka ce a sayar masa da naira, da dala ake ƙiyasta kuɗin. Wani lokacin ma daga Amurka yake shigo da ɗanyen, don na gida ba ya isarsa. A 2005 Najeriya tana haƙo kusan ganga miliyan 2.5 a rana, a watan Agustan 2022 ta faɗi ƙasa da miliyan ɗaya. Ba ƙafewa ce ta jawo ba, muna da kimanin ganga biliyan 37 a ajiye. Sata ce, da fasa bututu, da rashin zuba jari.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar mun ga wani ɓangaren abin. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem. A 2024 gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499. Amma shekara da shekaru, rabin garuruwan bakin iyaka da man Najeriya na 'yan bumburutu suke tafiya. Da aka cire tallafi a wajenku, wannan man ya daina riba, kowa ya dawo gidan mai, matatar ta kasa ɗaukar nauyin. A watan Maris na 2025 muka kwana a layi, alhali bututu yana kai ɗanyen manmu har gaɓar teku a Benin.

Malam Babba: Wannan duk na yarda shi ne na yau. Amma ina nan kan bakata game da gobe. Ƙasar da mafi yawan dalarta daga mai take fitowa ba ta da hujjar cewa yana nan da yawa, a ci gaba da barci.

Injiniya: A nan ba mu da saɓani, Malam, sai dai ni abin da na fi jin tsoro masu saye su ragu tun man yana ƙasa. A China kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu caji ne. Kuma mun ga yadda farashi ke bin buƙata: ganga ta kai dala 147 a Yulin 2008, sannan ranar 20 ga Afrilun 2020, lokacin kullen korona, farashin man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili don ba wurin ajiye shi. A 2022 da Rasha ta shiga Yukren ya haura dala 120.

Baban Ummi: Na ji bayanin dala da tallafi, ba ni da ja. Amma batun rijiyoyin da suka ƙafe, ina tare da Malam.

Maman Sadik: Oga Direba, ka faɗa mana gaskiya tunda kai kake hanya. In ganga ta tashi, washegari gidajen mai sun ƙara. In ta sauka, sai a yi makonni ba a rage ba. Me ke jawo haka?

Oga Direba: Hajiya, mai gidan mai zai ce miki tsohon kaya ne a tankinsa, da tsada ya saro, sai ya ƙarar. Wani lokacin gaskiya ne. Amma in farashi ya tashi, ba ya jiran tsohon kayan ya ƙare kafin ya ƙara. Inda gidajen mai suka yi yawa a titi ɗaya, da ɗaya ya rage sauran ke bi. A ƙauyen da gidan mai ɗaya ne, ko 'yan bumburutu kaɗai, sai yadda suka ga dama.