Rezin ya ƙi kama tankin ruwana, wani kuma ya daskare a gwangwani

Ɗan Talladje:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Tankin ruwan gidanmu, baƙin nan na roba mai lita 1000, ya tsage kusa da famfo, tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba. Na shafa gam ɗin nan mai tubu biyu, epoksi, ya bushe ƙam, amma da na cika tankin sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Na koma kasuwar Katako na sayo rezin poliyesta, ruwan robar nan mai daskarewa, da zaren gilashi. Bayan azahar na dama rezin ɗin, rabin gwangwanin madara, na zuba maganin daskarewa da ido. Kafin in gama yanka zaren, gwangwanin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, ya zama dutse da burushina a ciki. Kwana huɗu ke nan yara na jigilar ruwa a bido. Ina na kuskure?

Mai gyaran kwale-kwale, Harobanda:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na gwangwanin kam gaggawa ce da zafin rana. Poliyesta da kansa yake haifar da zafi idan ya fara kamawa, zafin kuma ya ƙara masa sauri. Ka tara shi wuri guda mai zurfi, da tsakar rana, a Yamai! Maganin daskarewar nan, MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa. Da bazara ni kashi 1 nake tsayawa, da sirinji nake aunawa. Ina aiki bayan asuba, a inuwa, in dama kaɗan a faranti mai faɗi, zaren kuma na riga na yanka. Ka sa safar hannu, kada ɗigo ko ɗaya ya kai ido. Warin nan mai hawa kai na sitirin ne, wani sinadari da ke cikin rezin ɗin, shi ya sa ban yarda a shafa irin wannan cikin tankin ruwan sha ba.

Malamar kimiyya:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ko da ka auna daidai, ba zai kama ba. Roba iri biyu ce: mai narkewa da zafi da wadda ba ta narkewa. Epoksi da poliyesta, da zarar sun daskare ba su sake narkewa. Danginsu ɗaya da Bakelite da Leo Baekeland ya haɗa a Amurka a 1907, wanda ake marfin soket da hannun tukunya da shi. Shi ya sa masana'antu ke lulluɓe kayan lantarki da epoksi, har allon da ke cikin wayarka epoksi ne da zaren gilashi. Tankinka kuwa poliyetilen ne, PE a taƙaice: yana narkewa idan zafi ya haura digiri 120, kuma fatarsa santsi gare ta kamar kakin zuma, gam ba ya samun wurin riƙewa. Epoksi na kama ƙarfe, katako da siminti sosai, amma ba wannan ba.

Mai walda, Bukoki:
Walda ce maganinsa, maigida. Zubar da ruwan, bari ya bushe, huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. A kankare wurin, a narka zirin roba irin tasa da iska mai zafi, ciki da waje in hannu ya kai. Robar kujera ba ta haɗuwa da ita.

Ɗan Talladje:
Allah ya saka da alheri. Na duba gindin tankin, ga PE nan a rubuce. Gobe da safe zan nemi amalanke in kai shi. Baba, sauran rezin ɗin da ban dama ba, a ina zan ajiye shi kada zafi ya lalata shi?