Flutter ko React Native, wanne zan kama?

sabon_shiga: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, na ɗan iya JavaScript, yanzu ina so in fara haɗa manhajar waya amma kaina ya ɗaure tsakanin kayan aikin haɗa ta guda biyu, Flutter da React Native. Tsorona kar in kashe shekara guda ina koyon abu a wayi gari masu shi sun watsar. Laftof ɗina ma RAM ɗinsa 4GB ne.

Baban_Dart: Wa alaikumus salam. Ni dai Flutter nake yi kuma ban yi da na sani ba. Na Google ne, a Disambar 2018 aka fitar da 1.0, da yaren Dart ake rubuta shi, wanda ya iya JavaScript ba zai sha wuyar Dart ba. Daɗinsa shi da kansa yake zana komai a fuskar waya, yadda ka gan shi a Tecno haka zai fito a iPhone. Google Pay ma da shi aka sake ginawa.

yar_zazzau: Malam ba ka faɗa masa halin Google na binne kayansu da rai ba 😅 ina Google+, ina Stadia? A 2024 ma da suka rage ma'aikata har ɓangaren Flutter da Dart abin ya taɓa. Ban ce gobe zai mutu ba fa, amma kai da ka riga ka iya JavaScript me zai kai ka sabon yare, React Native tun 2015 Facebook suka sake shi, kuma ko an daina yayinsa React ɗin da ka koya, wanda a kansa aka gina React Native, zai ci gaba da ba ka abinci a aikin shafukan intanet, Dart kuwa in ka fita daga Flutter ina za ka kai shi?

Baban_Dart: Hajiya Airbnb fa sun gudu daga React Native a 2018.

yar_zazzau: Tsohon zance ke nan, an sake wa React Native tubali tun daga fitowa ta 0.76

tsohon_hannu: Ni Xamarin na koya, shi ma na haɗa manhajar waya ne, Microsoft ne a bayansa, muna ganin ai babu abin da zai taɓa shi, sai ga shi a Mayun 2024 sun janye hannu sun ce kowa ya koma magajinsa MAUI. Ga Kotlin Multiplatform na JetBrains ma yana tasowa, kuma Google ɗin dai suna mara masa baya. Amma ƙanena matsalarka ta yau laftof ce, da 4GB in ka buɗe Android Studio, manhajar rubuta manhajojin Android, da emuleta, wato wayar gwaji ta cikin kwamfuta, sai ka ji fanka na kuka kamar injin markaɗe. Ka kama React Native da Expo, kayan aikin da ke sauƙaƙa shi, ka sauke manhajarsu Expo Go a wayarka ka dinga gwaji a kanta.

sabon_shiga: Na gode Yaya. To na iPhone fa, dole sai na sayi Mac?

tsohon_hannu: Expo za su iya gina maka ta intanet, amma sa manhajarka a shagon Apple sai ka biya dala 99 duk shekara, Play Store kuwa dala 25 ce sau ɗaya. Ka fara da Android tukuna.